Yadda Ake Shirya Tafiyar Kaka Zuwa Duwatsun Kirgizistan a Kan Doki

Duk wanda ya ƙuduri aniyar zuwa duwatsun Kirgizistan a lokacin kaka domin ya kashe kwarkwatar idonsa kuma ya more hawan doki, abin da ya kamata ya fara riƙewa shi ne cewa sanyin ƙasar daga ƙololuwa yake somawa, sannan ya riƙa gangarowa mako bayan mako har ya iske kwari. Makiyayan ƙasar sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da zarar watan Satumba ya raba tsakiya sai su fara kwance bukkokinsu daga wuraren kiwo na tudu da suke kira jailoo, su koro dawaki da tumaki zuwa ƙauyuka. Baƙo mai dabara sawunsu yake bi, wato ya fara da wurin da ya fi tsayi tun hanya tana buɗe, sa'an nan ya gangaro a hankali zuwa inda ganye ke jinkirin sauya launi. Wanda ya juya wannan tsari, ya ƙarar da kwanakinsa na farko a kwari, yana iya isa tudu ya tarar da fili fetal, babu bukka babu hayaƙi, dusar ƙanƙara kuma ta fara toshe hanya.

Kirgizistan ƙasa ce a tsakiyar Asiya, tana iyaka da Sin da Kazakistan da Uzbekistan da Tajikistan, kuma ta sami 'yancin kanta a shekarar 1991 bayan wargajewar Tarayyar Sobiyet. Mutanenta kimanin miliyan 7 ne, mafi yawansu Musulmi, suna magana da harshen Kirgiz da Rashanci. Kusan ƙasar gaba ɗaya duwatsu ce, akasari jerin tsaunukan Tien Shan, waɗanda ƙololuwarsu mafi tsayi, Jengish Chokusu, ta kai mita 7,439. A wajensu doki bai zama kayan ado na ranar biki kawai ba, domin a kansa ake kiwo, a kansa ake zuwa gaisuwa, kuma yaro ɗan shekara shida yana iya wuce ka a guje ba tare da ƙafarsa ta kai likkafa ba.

Lokaci da takardu

Kakarsu ta zo daidai da tamu a lissafin wata, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai dai abin da ke da amfani ga mahayi bai wuce daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ba. A ganina mako uku sun isa, kuma mafi dacewa shi ne mutum ya sauka a ƙasar wajen 10 ga Satumba, ya hau tudun Son-Kul kafin 20 ga wata, ya yi kwanaki a gefen tafkin Isik-Kul, sannan ya rufe da dajin Arslanbob a ƙarshen wata, daidai lokacin da ake tsintar 'ya'yan itace.

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar yana buƙatar biza. Ƙasar tana da shafin neman biza ta intanet tun shekarar 2017, amma kada wannan sauƙi ya sa mutum ya yi sakaci, gara ya fara nema tun watan Yuli, kuma kada ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ta fito. Hanyar da ta fi miƙewa ita ce ta jirgin Turkish Airlines daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul, daga can zuwa filin jirgin sama na Manas da ke wajen Bishkek, babban birnin ƙasar. Agogonsu yana gaban namu da awa 5. Kuɗinsu som ne, kuma ya kamata a tafi da dala sababbi marasa tabo ko yagewa domin canji, a kuma ciri isasshen som tun a birni, saboda a tudu ba a san katin banki ba. Idan za a sayi inshorar tafiya, a karanta takardar da kyau a tabbatar ta ambaci hawan doki da tsayin da ya haura mita 3,000, domin da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna cire su a ƙananan rubutun da ba kowa ke dubawa ba.

Maganar tsayi da jini

Wannan ita ce gaɓar da ta fi shafarmu, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Birnin Kano bai kai mita 500 a saman teku ba, Jos kuwa kimanin mita 1,200 take, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, wato Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Tafkin Son-Kul, inda baƙo zai kwana, yana kan mita 3,016, ma'ana shimfiɗar barcinsa ta ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan mita 600. Daga mita 2,500 zuwa sama iskar da ke shiga huhu tana raguwa har jiki ya fara ƙorafi da ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci. Maganin farko shi ne hawa daki-daki: kwana ɗaya ko biyu a Bishkek, kwana ɗaya a garin Kochkor da ke kimanin mita 1,800, sannan a fuskanci tudu. A yawaita shan ruwa ko da ba a jin ƙishirwa. Idan ciwon kai ya ƙi sauka, ko numfashi ya yi wuya alhali mutum yana zaune, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, to a sauko da shi nan take, ko da cikin dare ne.

Abin da jagoran can ba lallai ya tuna ya tambaya ba shi ne rukunin jini, wato ko mutum AA ne, AS ko SS. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila, wato mai AS, kuma irin wannan mutum yana iya rayuwa shekara arba'in lafiya lau a gida, amma a tudu mai ƙarancin iska jini ya sarƙe masa a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har ya harba zuwa kafaɗa. Saboda haka kowa ya san rukunin jininsa kafin ya sayi tikiti, mai AS ya zauna da likita su duba tsarin tafiyar tare, mai amosanin jini sosai kuwa ya haƙura da Son-Kul. Haka nan mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai juna biyu, kada ɗayansu ya hau sai da shawarar likita.

Daga Kizart zuwa Son-Kul

Daga Bishkek zuwa Kochkor tafiyar kimanin awa 3 ce a ƙaramar bas da suke kira marshrutka, ko a tasin haɗaka. A Kochkor ne aka kafa ƙungiyar farko ta yawon buɗe ido na al'umma, wadda aka fi sani da CBT, a shekarar 2000 da tallafin ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan, kuma ta hannun irin waɗannan ofisoshi ake samun jagora da doki da masauki a gidajen mutane. Hawan da aka fi yi yana tashi ne daga ƙauyen Kizart. Ranar farko ana shafe awa 4 zuwa 5 a kan sirdi har wurin kiwon Kilemche, a kwana a can. Rana ta biyu a ƙetare mashigin Jalgiz-Karagai da ya haura mita 3,300, inda tafkin zai bayyana a ƙasa kwatsam, shuɗi shar a tsakiyar ciyawar da ta koma ruwan zinariya, babu bishiya ko ɗaya a kewayensa. Rana ta uku a dawo ta wani mashigin, ko mota ta zo ta ɗauki mutum a bakin tafkin.

Kafin a biya ko sisi, a yi ciniki a fili: nawa ne kuɗin doki a rana, nawa ne na jagora, shin dokin jagora yana cikin lissafi, wa zai biya kwanan da za a yi wajen mayar da dawakin gida idan mota ce ta ɗauke baƙo, kuma abinci sau nawa ne a rana. A kuma nemi jagoran ya buga waya ya tabbatar cewa bukkokin da za a kwana a cikinsu suna nan ba a kwance su ba, domin a ƙarshen Satumba iyalin da ke wurin jiya suna iya tashi yau.

Dokin Kirgiz gajere ne, mai faɗin ƙirji da ƙarfin kofato, wanda ya saba da ingarmun hawan sallah zai iya yi masa kallon kuru. Kada a raina shi. Yana bin siririyar hanya a gefen rami da natsuwar da dokin fadama ba zai taɓa yi ba, kuma galibi dandaƙaƙƙu ake ba baƙi, domin goɗiyoyi na tatsa da haihuwa ne. Tun da kaka ƙarshen lokacin baƙi ce, wasu dawakin sun shafe wata uku suna ɗaukar mutane, don haka kafin a ɗaura sirdi a nemi a ga bayan dokin tsirara. Idan akwai miki ko kumburi a inda sirdi ke zama, ko yana ɗingishi, a nemi a canza shi ba tare da jin kunya ba, domin doki mai ciwon baya shi ne ke zabura a wurin da bai kamata ba.

Mahayinmu da ya ƙware a sukuwa da zamiya yana da abin da zai kwance daga hannunsa. Mun saba da linzami mai kaifi da riƙe kamazuru tamau domin doki ya tanƙwara wuya, amma a kan dutse doki yana buƙatar ya sunkuyar da kai ya ga inda zai sa ƙafa, saboda haka a sassauta masa, a bar shi ya zaɓi matakinsa. Wajen hawan tudu a karkato gaba, a kama gezarsa idan ta kama, wajen gangara a jingina baya a miƙe ƙafafu gaba kaɗan. Tsinin ƙafa kawai ake sawa a likkafa, kuma takalmin ya kasance mai ɗan dunduniya wanda ba zai zurma ciki ba. Kalmar da dokin ya sani ta tafiya ita ce "chu", a faɗe ta da ƙarfi, bulalar da suke kira kamchi kuwa yawanci nuna ta kawai ya isa. A nemi hular kwano tun a ofis, domin idan ba a tambaya ba sau da yawa ba a bayarwa.

Majayi shi ne abin da nake yawan nanatawa, saboda ya taɓa koya mini hankali. Mun tashi da safe dokin ya cika ciki da ciyawa da ruwa, aka ɗaure majayi daidai, bayan awa biyu na hawa cikinsa ya saki, ni kuwa hankalina yana kan kallon tsaunuka. Da muka fara gangara sai na ji sirdin yana silalowa zuwa wuyan dokin, ina ji ina gani na zame ta gefe na dira a kan duwatsu da kafaɗa, dokin kuwa ya tsaya cak yana kallona kamar mai jiran in gama shirmena. Allah ya taƙaita abin a ƙujewa. Tun daga ranar, ba na fara gangara sai na sauka na zura yatsu biyu a ƙarƙashin majayi, idan suka shige da sauƙi a ƙara ɗaurewa. Inda gangaren ya yi tsanani ko ƙanƙara ta daskare a kan hanya, a sauka a ja dokin, wannan ba abin kunya ba ne, makiyayan ma suna yi.

Filin da ke kewaye da tafkin shimfiɗaɗɗe ne, kuma babu mahayin da zai gan shi bai ji sha'awar sakin linzami ba. A tambayi jagora inda ya dace, saboda akwai ramukan wata dabba mai kama da gafiya amma ta fi ta girma, waɗanda ciyawa ke rufewa, kuma ƙafar doki na faɗawa ciki a guje an gama magana. Idan an kusanci bukkar makiyaya karnuka za su taso, a zauna a kan doki har mai gida ya fito ya tsawata musu.

Sutura, masauki da cima

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, shi ya sa ana iya barin Bishkek da riga ɗaya a kwana a Son-Kul ma'auni yana ƙasa da sifiri. Da asuba za ka ɗauki buta ka tarar ruwan cikinta ya zama dutse. Dabarar sutura ita ce a jera ta hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, sai rigar sanyi mai kauri, sai ta waje mai tare iska da ruwan sama, domin da hantsi rana tana da kaifi mutum ya cire, da la'asar iska ta taso ya mayar. A haɗa da safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, tabarau na rana, da rawani ko mayafin da za a naɗe fuska. Wando ya zama mai laushi marar kaurin ɗinki a cikin cinya, in ba haka ba rana ta biyu mutum zai yi tafiya kamar ɗan kaciya. Man kaɗanya yana yi wa leɓe da hannu aikin da yake yi musu a hunturu. Babbar akwati a bar ta a masaukin Kochkor, abin da zai shiga jakar sirdi kawai za a ɗauka, da tocila da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, tun da wutar bukka ta hasken rana ce kuma ba ta da yawa.

Bukkar da suke kira boz ui zagayayya ce, ƙashinta na itace, rufinta na dunƙulallen gashin tumaki, kuma zoben da ke ƙololuwarta, tunduk, shi ne hoton da ke tsakiyar tutar ƙasar. Ana cire takalmi a ƙofa, ba a taka dokin ƙofa, kuma wurin da ke fuskantar ƙofa daga ciki na babban baƙo ne ko dattijo, kada a zauna a can sai an nuna. Murhun ƙarfe da ake hura wa busasshen kashin shanu yana ɗumama ɗaki da dare, amma kafin asuba ya mutu, don haka a karɓi duk bargon da aka bayar. Gurasa tana da daraja a wajensu, ba a kifa ta kuma ba a jefar da ita. Idan an gama cin abinci za ka ga an ɗaga hannu an shafa fuska an ce "omin", abin da ba baƙo ba ne a wajenmu.

Abubuwa biyu ne a kan tabarmar cin abinci suke buƙatar tambaya. Na farko naman doki, wanda suke ci kuma suke girmama baƙo da shi, musamman a cikin beshbarmak, abincin nama da taliya, da kuma wani naman doki da ake cusawa a cikin hanji, wanda ake kira chuchuk. Su mabiya mazhabar Hanafiyya ne, mu kuwa a mashhurin zancen Malikiyya ba a cin doki, saboda haka wanda ba ya ci ya sanar da jagora tun a Kochkor domin a dafa masa na tunkiya, kada sai an ajiye akushi a gabansa ya janye hannu mai gida ya ji kunya. Na biyu kimiz, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami, wanda yake ɗauke da 'yar barasa kaɗan sakamakon tsimuwa. Ana iya dafa ƙirji a yi godiya a ce shayi ya wadatar, shayi kuwa ba ya yankewa. Game da salla, a tuna cewa alƙibla a can kudu maso yamma take, wanda ya tashi da asuba ya fuskanci mafitar rana bisa sabo ya ba Ka'aba baya. A roƙi uwar gida ruwan ɗumi daga butar shayi domin alwala.

Isik-Kul da Arslanbob

Bayan Son-Kul sai a koma Kochkor a bi gefen kudu na tafkin Isik-Kul zuwa Karakol. Tafkin yana kan mita 1,607, tsawonsa kilomita 182, kuma ba ya daskarewa ko a tsakiyar sanyi, abin da ya sa sunansa ke nufin tafki mai ɗumi. A nan launin kaka yake fara fitowa sosai, amma kada a sa ran ganin dukan dutse ya yi ja, domin itatuwan da suka rufe gangaren masu ganyen allura ne da ba sa sauya kore. Rawaya da ja suna bin bakin rafuka da layukan bishiyoyin ƙauye da gonakin tuffa, tsaunuka masu farin kai suna tsaye a bayansu. Daga Karakol ana hawa doki zuwa Altin-Arashan, kwari mai maɓuɓɓugar ruwan zafi a kan kimanin mita 2,500, inda mutum zai jiƙa gaɓoɓin da sirdi ya daka. Jajayen duwatsun Jeti-Oguz, wato bijimai bakwai, suna kusa da gari kuma rabin yini ya ishe su. A daidaita kwanaki yadda Lahadi za ta riski mutum a Karakol, saboda kasuwar dabbobi tana ci tun kafin gari ya waye kuma tana watsewa da hantsi, a can zai ga yadda ake buɗe bakin doki a duba haƙora a riƙe hannu ana ciniki kamar a kara. Masallacin katako na 'yan ƙabilar Dungan, Musulmi masu asali daga Sin, wanda aka kammala a 1910 da siffar ginin Sinawa, yana cikin garin kuma ana salla a cikinsa har yau.

Daga nan a koma Bishkek a hau jirgi zuwa Osh, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, alhali a mota ta kan ci awa 10 zuwa 12 ta mashigai masu tsayi. Daga Osh zuwa Arslanbob awa 3 zuwa 4 ne ta Bazar-Korgon. Ƙauye ne na Uzbekawa a gindin tsaunukan Babash-Ata, a kan kimanin mita 1,500, tsayin da bai kai na Kochkor ba, don haka shi ne ya fi dacewa da wanda likita ya hana shi Son-Kul. Dajinsa shi ne mafi girma a duniya na itacen da suke kira jangak, mai 'ya'ya masu ɓawo mai tauri da ƙwaya mai siffar ƙwaƙwalwa. Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba iyalai suna ƙaura cikin dajin da tantuna da tukwane, samari su hau bishiya su girgiza, mata da yara su tsince, hannuwan kowa sun rine baƙi da ruwan ɓawon kamar an ƙunsa lalle. Hawan doki a nan mai sauƙi ne, cikin inuwa da ganye mai ruwan ɗorawa, kuma kowane yanki na dajin yana da iyalin da suka karɓe shi haya, saboda haka ba a tsinta sai an yi sallama, ko da yake da wuya ka wuce tanti ba a cika maka aljihu ba. Mutanen wurin sun fi na arewacin Kirgizistan riƙon al'ada ta fuskar sutura, shigar da muka saba da ita a gida ta dace da su daidai.

A bar kwana biyu a ƙarshen tafiya ba tare da an ɗora musu komai ba, domin dusar ƙanƙara ta dare ɗaya tana iya riƙe mutum a tudu, kuma jirgin Istanbul ba zai jira shi ba. Idan ba a buƙace su ba, sai a kashe ɗaya a Osh wajen hawa dutsen Sulaiman-Too da ke tsakiyar birnin, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2009, ɗayan kuma a kasuwar Bishkek wajen sayen tsaraba, kamar bulalar kamchi mai saƙar fata da dardumar gashin tumaki da ake kira shirdak.